Tanti Habsa, Wadda Ta Hana Mu Yarda da "Da Sauƙi"

Ranar Litinin ce da hantsi, shekara huɗu ke nan. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da littafi a kan cinya, saura shafi goma sha biyu in gama, maigidana kuma yana kwance a ciki, jini na zuba cikin cikinsa ban sani ba. A ranar na fara ganinki, Tanti. Ranar Talatar da ta wuce kuma, 14 ga Oktoba 2025, Allah Ya karɓi ranki a Yamai bayan gajeruwar jinya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa dukanmu za mu koma.

Manya sun yi magana a rediyo. Sun ce an yi rashin Farfesa Habsa Ibrah, malamar jami'a, likitar tiyata ta waɗanda suka yi hatsari ko suka ji mummunan rauni. Sun lissafa ɗalibanki da takardun bincikenki. Ni ba ɗalibarki ba ce. Na bar koleji a aji na uku, na yi aure a nan Filinge, kuma abin da na fi iyawa a duniya shi ne karatun littattafan soyayya. Amma kwana bakwai ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu yau da safe. Na ɗora tukunya na manta ban hura wuta ba. Na buɗe littafi na karanta layi ɗaya sau biyar. Shi ya sa na ɗauki bik, alƙalamina, ko in na rubuta miki zan samu in zauna.

Bari in koma kan waccan Litinin ɗin.

Ranar Lahadi maigidana Hafizu ya je kasuwar Balayara. Suna loda shanu a kamiyo, babbar motar kaya, wani bijimi ya juya ya matse shi da jikin mota. Bai faɗi ba. Babu karaya, babu ko ɗigon jini a rigarsa. Ya gama abin da ya kai shi, ya shigo mota ya dawo gida da ƙafarsa, ya yi sallar magariba a zaune. Inna, mahaifiyarsa, ta dama masa fura, ta shafa masa man shanu a haƙarƙari. Da safe maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa. Kowa ya ce, "Yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Ni ma na tambaya, ni ma haka ya ce mini. Na ji daɗi, na koma kan littafina.

Sai ga Hauwa mai ƙosai, maƙwabciyarmu, da mai a hannunta. Ta gaishe shi, ya ce da sauƙi. Maimakon ta ce Allah Ya ƙara sauƙi ta fita kamar kowa, sai ta goge hannu da zane ta zauna a ƙasa kusa da shimfiɗarsa. Na ga leɓenta na motsi. Can ta kama wuyan hannunsa da hannunta na dama, ta ɗora yatsun hagu a nata wuyan. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba. Ta tambaye shi ko kafaɗarsa ta hagu na ciwo. Ya ce e, ya kuma ce a ba shi ruwa, ƙishirwa ta dame shi.

Inna ta ce, "Hauwa, mi na wanga? Mijin mutane kika kama ma hannu?"

Hauwa ta ce, "Inna, ku yi mini faɗan in mun dawo. Yanzu a ɗauke shi a kwance, kuma kak a ba shi ko ruwa."

"Shi da bakinai ya ce da sauƙi."

"Bakinai ya ce. Hannunai bai ce ba."

Ban san abin da ya sa Inna ta yarda ba. Wataƙila yadda muryar Hauwa ba ta yi rawa ba. Aka shimfiɗa shi a bayan wata mota aka kai asibiti. Allah Ya sa kina gari a makon. Na ga wata gajeruwar mata da takalmin roba, tabaronta ɗaure da zare a gefe ɗaya, ta danna cikinsa sau biyu ta ɗago ta dube ni. Ashe ke ce, Tanti.

"Ke ta matatai? Ƙarfe nawa ya ji ciwon?"

Ban sani ba. Mijina ne, na kwana ɗaki ɗaya da shi, ban san ƙarfe nawa ba. Kika dubi hannuna, ashe har yanzu littafin yana nan na danƙe shi, ɗan yatsana a tsakanin shafin da na tsaya. Sai kika shige.

Bayan awa biyu kika fito kika ce saifarsa ce ta fashe, kin cire ta, kuma jinin da kika kwashe daga cikinsa zai cika ƙwarya. Kika ce da an bar shi har azahar, da sai dai addu'a. Inna ta durƙusa za ta yi miki godiya, kika ɗaga ta kika ce ta je ta gode wa mai ƙosai.

Washegari kika zo duba shi, kika same ni da littafin nan dai. Na ɓoye shi cikin mayafi don kunya. Kika zauna a gefen gado kika ce in ba ki labarin da ke ciki. Na ba ki. Da na zo wurin da saurayin ya yi hatsari ya farka bai san kowa ba, kika yi dariya har sai da kika cire tabarau.

"Basira, shekara ashirin da biyar ina buɗe mutane, ban taɓa ganin wanda ya mance sunan budurwatai ba. Amma waɗanda sunka ce da sauƙi sunka mutu, na gaji da ƙirga su. Kin iya rubutu da sauri awa yadda kike karatu?"

Haka na shiga aikinki, ba don na so ba. Na ji nauyin in ce a'a ga wadda ta ɗinke cikin mijina.

Ga waɗanda ba su sani ba, ga abin da Tanti take yi a ƙasar Kurfai. Ta ce a Yamai masu rauni da suka iso hannunta kaɗai take gani. Waɗanda ba su iso ba babu mai labarinsu, ba a rubuta su ko'ina ba, an dai ce ajali ya yi. Sai ta yanke shawarar bin su har gida. Duk hutun da ta samu sai ta taho, ta nemi gidajen da aka yi rasuwa ta sanadin rauni: wanda ya faɗo daga amalanke, wanda moto, wato babur, ya kayar, wanda sa ya tunkuya, wadda katanga ta faɗo wa da damina. Ba ta shiga sai an yi sadakar bakwai, ba ta kuma bari a kai arba'in, don ta ce kafin bakwai zuciya ɗanya ce, bayan arba'in kuma labari ya riga ya gyaru, kowa ya manta abin da bai yi ba. Sai ta zauna cikin mata ta yi ta'aziyya kamar kowa, ta sha ruwan da aka ba ta, sannan ta nemi izini ta yi tambaya. Ƙarfe nawa ya ji ciwon? Me ya ce da aka tambaye shi? Me aka ba shi? Wa aka jira kafin a ɗauke shi? Ni kuma ina gefe da kaye, littafin rubutu, ina rubuta amsa da bakin mai amsa, ba ƙari ba ragi.

Wanda ya san mu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu a gidan makoki ba a tambayar yadda aka yi. Ana cewa ya haƙuri, a ce haƙuri sai ma'aiki, a yi addu'a a tashi.

Ina tuna gida na uku da muka shiga, a wani ƙauye kan hanyar Abala. Mahaifin mamacin ya ji abin da ya kawo mu, ya taso daga zaure da carbi a hannu. Ya ce mun zo mu yi jayayya da hukuncin Ubangiji a gidansa. Ni na riga na tura kayen cikin jaka, ina neman takalmina da ƙafa. Ke kuwa ba ki motsa ba. Kika bari ya gama tas.

Kika ce, "Baba, ajali na Allah na, ban da ja. Ɗanka nashi ya zo, babu likitan da za ya ƙara mai minti guda. Ina tambaya ta don ɗan wani, wanda nashi bai zo ba tukuna, kak mu kai shi da hannunmu."

Ya tsaya yana kallonki. Ya koma zaure. Muka zauna, na ƙosa mu tafi, kika dafa mini gwiwa. Bayan kamar rabin awa ya aiko a ce matarsa ta ba mu labari. Da za mu tafi ya fito ya ce a ƙara a cikin takarda cewa shi ne ya ce a jira sai wansa ya dawo daga gona. Ya ce a rubuta da sunansa. Ba mu rubuta suna ba, don ba kya rubuta sunan kowa. Amma a ranar ce, bayan mun iso gari, kika gaya mini labarin yayanki, wanda raƙumi ya harba kina 'yar shekara goma sha ɗaya, ya yi kwana biyu yana cewa da sauƙi, ke ce ma kike kai masa ruwa.

Kafin ni wasu sun riƙe miki kaye. Da nawa da nasu, gidaje ɗari uku da sittin da ɗaya. Abin da kika samo a ciki shi ya sa sunanki ya fita. Likitoci sun ɗauka hanya ce ke kashe mutanenmu, nisa da rashin mota. Hanya na da nata laifin, kin faɗa. Amma kayenki ya nuna fiye da rabin mutanen nan sun yi awa shida, wasu kwana guda, a kwance a gida, mota na nan a tasha, ba a neme ta ba. Jini bai fito waje ba, ƙashi bai karye ba, mai ciwo ya ce da sauƙi, saboda namiji ba ya raki gaban uwarsa da matarsa, mace kuma ba ta so a ce ta tayar da hankalin gida. Masu gaisuwa suka ji abin da suke so su ji. Aka dama fura. Aka jira babba.

Kin ce mini, "Ladabinmu na da kyau, Basira, ba ni so mu bar shi. Amma mai rauni ba a tambayar bakinai."

Daga nan kika fara tara mata. Ba ma'aikatan asibiti ba: masu ƙosai, masu kitso, ungozoma, matan da suke shiga kowane gida ba a tambaye su me ya kawo su. Yawancinsu ba su da agogo, ba su iya ƙirga bugun jini da minti ba. Sai kika ce su gwada da nasu: hannu ɗaya a wuyan hannun mai ciwo, ɗaya a nasu wuyan, in nasa na gudu ya bar nasu, kuma siriri ne kamar zai ɓace, to akwai magana. Wata tsohuwa ta ce ai ita in ta tsorata nata ma gudu yake yi. Kika tsaya, kika ce wallahi ba ki yi tunanin wannan ba. Da ku biyu kuka gyara: a zauna tukuna a yi salati goma, zuciya ta kwanta, sannan a kama hannu. Abin da leɓen Hauwa ke yi ke nan a ɗakina. Sai fatar ido in ta yi fari, sai gumi mai sanyi, sai ƙishirwa, sai kafaɗar hagu mai ciwo alhali ba a buge ta ba. In an ga haka, ba ruwa ba fura, ba jiran kowa, a ɗauka a kwance.

Kin rubuta wannan duka da Faransanci da Ingilishi, aka buga a mujallun likitoci. Ɗalibanki sun ce ana karanta shi a ƙasashen da ba ki taɓa zuwa ba, wasu ma sun zo daga waje su ga yadda mai ƙosai ke gane jini a ciki ba tare da na'ura ba. Ni dai abin da na gani da idona shi ne majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, yana cewa yanzu ana kawo masa mutane suna magana da bakinsu, a da kuwa sai sun yi sanyi. Na san mutum bakwai a garin nan da ke yawo da ɗinki irin na maigidana. Ɗaya ma shi ne ladanin unguwarmu.

Wata rana kika kawo mini mujallar, kika buɗe shafin ƙarshe kika ɗora yatsa. Sunayenmu ne, mu talatin da huɗu, kowace da garinta. Basiratu Abdu, Filinge. Tun ina yarinya nake mafarkin ganin sunana a bugu, a bangon littafi mai hoton fure. Ga shi ya fito cikin ƙananan baƙaƙe, a ƙarƙashin yaren da ban iya ba. Na kai wa Hauwa na nuna mata nata. Ta goge hannu ta taɓa, ta bar tabon mai a kai. Har yanzu tabon na nan.

Ba zan manta da littafin da kika ara a wurina ba. Kin ce kina so ki ga abin da ke hana ni barci. Bayan wata uku kika dawo da shi, duk gefen shafi jan bik. Inda aka ba wanda ya suma ruwa kika rubuta, "Kin kashe shi." Inda likita ya fito ya ce sai an kai yarinyar ƙasar waje kika rubuta, "Ƙarya na, ni zan iya." A shafin ƙarshe kuma, inda suka yi aure, kika rubuta, "Nan kam na yi kuka. Akwai na biyu?"

Na tashi na zaga gida na dawo. Abin da nake kewaye wa tun ɗazu, dole in rubuta shi.

Ranar Alhamis 9 ga wata, Kailu ya rasu. Ɗan baffan maigidana ne, suna zaune a ƙauyensu gabas da Bonkuku. Shekararsa ashirin da shida, matarsa na da ciki. Suna kwasar dammunan gero, ya faɗo daga saman amalanke, cikinsa ya bugi ƙarfen gefe. Ya tashi ya karkaɗe riga. Wannan da safiyar Laraba ke nan. Sauran labarin ban san shi ba, kuma shi ne abin da ke cina. Abin da ya iso mana a bakin mata shi ne, Ummul ungozoma, ɗaya daga cikin matanki, ta je gidan, ta kama hannunsa, ta ce a ɗauke shi. Ba a ɗauke shi ba. Yanzu a ƙauyen ana cewa bakinta ne: ta shiga ta ce yaro lafiyayye zai mutu, ya kuwa mutu. An ce mata biyu masu ciki sun aika mata kada ta zo musu haihuwa. Hauwa ta gaya mini matan Imanan, wato yankin Bonkuku, sun fara cewa su kam ba za su ƙara kama hannun kowa ba.

Ranar Asabar na kira ki a waya. Gaskiya ba don in gaishe ki na kira ba. Na kira in roƙe ki ki aiko wata daga Yamai, don gidan surukaina ne, kuma duk wanda ya ce a jira a gidan nan, ba zai wuce mutumin da nake durƙusa wa in gaishe shi ba. Na ji muryarki ta yi ƙasa, kina tsayawa tsakanin kalma da kalma. Na ce, "Tanti, yaya jiki?"

Kika ce, "Da sauƙi, Basira."

Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, na ci gaba da maganata.

Shekara huɗu ina rubuta kalmar nan a kaye. Na rubuta ta fiye da sau ɗari. Na tsaya gaban mata na ce musu kada su yarda da ita. Aka faɗa mini ita a kunne, na karɓa da hannu biyu, domin ita nake so in ji. 'Yarki ta gaya mini daga baya ciwon ya daɗe, likitoci sun sani, ke ma kin sani, babu abin da zuwana zai canza. Na yarda. Amma da na tambaya sau biyu, wataƙila da kin gaya mini, da na shiga mota na zo na riƙe hannunki ko da ba don ƙirga komi ba. Ban sani ba ko in yi fushi da ke ko da kaina. Ke ma ashe 'yar Kurfai ce har ƙarshe.

Abin da kika ce game da Kailu shi ne, "Ba wadda za ni aikowa. Baƙuwa ba za su gaya mata gaskiya ba. Bari a yi bakwai, in na taso mu tahi tare, ke ki riƙe kaye ni in sha faɗan."

An yi bakwai ɗin Kailu washegarin jana'izarki.

Na je wancan zaman a matsayin suruka, na ce ya haƙuri, na taya dakan gumba, na dawo. Ummul ba ta zo ba. Matar Kailu ta dube ni sau ɗaya, ta dubi jakata, ta sunkuyar da kai. Ban san ko tsoro take ji in tambaya ba, ko jira take.

Inna ta san abin da ke raina tun ban faɗa ba. Shekaranjiya ina tankaɗe ta zo ta tsaya kaina.

"Basira, likita ta tahi, Allah Ya jiƙan ta. Ta yi muna alheri, ba mu mancewa. Amma gidan ƙanen mijina ba za ki shiga mai da bik da takarda ba. In kin kunyata shi, ni kika kunyata."

Na ce, "Inna, ba a rubuta suna."

"Ƙauyen gida nawa na? Kowa ya san sunan."

Gaskiyarta. Inna ba muguwa ba ce. Ita ta riƙe ni da na haifi Anisa, ita ke ɓoye mini littafi in baƙi sun shigo don kada a ce matar ɗanta ba ta da aiki. Shekara shida ba mu taɓa sa-in-sa ba. In na je, ban san ko za ta ƙara kirana ɗiyata ba.

Na tambayi maigidana. Ya daɗe yana gyara igiyar akuya da ba ta lalace ba. Ya ce, "Ni ban aike ki ba, ban kuma hana ki ba." Na ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce, "Baffa shi ya yanka mini ragon suna. Kailu kuma a bayana ya koyi moto. Wace amsa kike so?" Ya shiga ɗaki. Da zai canza riga na ga ɗinkinki, daga ƙasan ƙirji har cibiya, na ga ya ɗora tafin hannu a kai ya tsaya.

A littattafaina, in aka zo irin wannan wuri, sai wata wasiƙa ta ɓullo, ko wani ya dawo daga tafiya ya warware komi. Na duba wayata ba adadi, ko kin bar mini saƙo. Babu. Sai kaye na goma sha ɗaya da kika ba ni da salla, saura shafi ashirin a ciki, da lambar ɗalibinki da zai ci gaba da tattara abin da muke rubutawa. Ya kira jiya yana kuka, ya ce aikin ba zai tsaya ba. Na ce to. Amma shi a Yamai yake. A nan aikin ba takarda ba ne. Mace ce ta zauna a ƙasa ta kama hannun mijin wata, alhali ta san abin da za a ce. In aka bar Ummul da sunan mai mugun baki, babu wadda za ta ƙara zama. Wani zai faɗo daga amalanke kafin a gama kaka, ba sai an gaya mini ba.

Ban iya magana irin taki ba, Tanti. Muryata rawa take yi. Ban san me zan ce wa Baffa ba in ya taso da carbi. Abin da na riƙe kawai, ba ki taɓa shiga gida don ki kama mai laifi ba, kuma sau da yawa wanda ya ce a jira shi ya fi kowa son a tambaye shi.

Ya Allah, baiwarKa Habsa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Hannuwan da ta sa cikin jinin bayinKa don ta tsayar da shi, Ka wanke su da ruwan Aljanna. Duk numfashin da maigidana ya yi tun daga waccan Litinin, da na ladanin unguwarmu, da na waɗanda ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, Ka sa a mizaninta. Ka haɗa ta da yayanta a inda babu ciwo. Ka jiƙan Kailu, Ka sauki matarsa lafiya, Ka sanyaya zuciyar mahaifinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Mansur, da 'ya'yanta, da danginta na Abala da na Yamai, da ɗalibanta, da matan Kurfai da Imanan da ta koya wa riƙe hannu. Kun ba mu aron ta duk hutu, lokacin da ku ma kuke bukatarta. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya saka muku.

Gobe Laraba, kwana goma sha uku da rasuwar Kailu. Na gaya wa Inna da bakina ɗazu bayan la'asar cewa zan je. Na sa kaye da bik biyu a jaka. Da safe zan shiga motar Bonkuku, in fara biyawa in ɗauki Ummul, mu shiga gidan Baffa tare.